Mama Ce Ta Kashe Shi

Ranar Alhamis da hantsi yayana ya kashe kilifa a tsakiyar kan mutum. Rabin kan bawan Allah ya yi fes, rabi yana nan da sumarsa, Yaya ya kakkaɓe tawul, ya rataye shi a ƙusa, ya sanar wa duk wanda ke zaune a shagon Kawu cewa daga yau shi da aski sun yi hannun riga. Da kunnena na ji, domin shagon da nake buga wa mutane takardu bango ɗaya ne ya raba shi da na Kawu, bangon ma na katako.

"Ina kuma za ka?" in ji Kawu.

"Rediyo, Kawu. Suna neman mai sharhin finafinan Indiya, duk ranar Lahadi. To wa za su ɗauka in ba ni ba? Shekara goma sha biyar ina ɓarnar basira a kan ƙeyar mutane."

Mai rabin kai ya ce, "Malam, a ƙarasa min tukuna mana."

"Acca, acca," in ji Yaya, ko kallonsa bai yi ba.

Daga nan sunan ya samo asali. Duk unguwa Acca ake ce masa, domin komai ka faɗa masa, ko rasuwa ce, sai ya langaɓe kai ya ce "acca, acca". Iyakar Indiyancin da na taɓa ji a bakinsa ke nan tun da na yi wayo. Amma in ka tambaye shi, cewa zai yi yana jin yaren nan fiye da waɗanda aka haifa a cikinsa, magana ce kawai ba ya son yi don kada ya ba mutane kunya.

Kawu ƙanen Mama ne. Shi ya ɗauki Yaya bayan rasuwar Baba, ya koya masa riƙe reza, ya ba shi kujera ta biyu a shago har da makulli. Mutum ne mai jiki da fara'a, ko faɗa zai yi maka sai ya haɗa da murmushi. Ya ɗauki kilifar ya ci gaba da askin da aka yasar, ya ce, "Shi ke nan, Allah ya ba da sa'a. Kujerarka tana nan har safiyar Litinin, makullin ma riƙe abinka. In Litinin ta yi ba ka zo ba, akwai mai so."

"Ka ba shi tun yanzu, Kawu, kada ya yi ta jira."

Sauran masu neman aikin takarda suka rubuta suka kai. Yaya ya ce wannan aikin marasa baiwa ne. Shi gayyatar Manajar gidan rediyon zai yi ranar Asabar da rana, a ɗakin taron ƙungiyar masu aski, a haska fim a gaban jama'a, yana fassarawa nan take, yana kuma fitar da ƙarfin fim ɗin da rauninsa ɗaya bayan ɗaya. Abin mamaki Manaja ta amsa za ta zo. Ɗakin taron Kawu ne ya roƙa masa. Kwamfuta tawa ce, don haka aka naɗa ni mai danna tsayawa ba tare da an tambaye ni ba.

Ranar Juma'a muka zauna gwaji a shagona. Fim ɗin sabo ne, na kisa da binciken 'yan sanda, babu fassara, babu rubutun ƙasa. Da gangan ya nemo shi haka. Gaskiya an buɗe shi da kyau: ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wani attajiri shi kaɗai a cikin sito, wuta ta ɗauke, aka daɓa masa wuƙa. Ɗansa ya iso a guje, uban ya cakumi rigarsa, ya ce "Mama", ya cika. Daga nan aka kawo wani Sufeto mai baƙin tabarau, aka shiga gidan mamacin. Ga matarsa cikin fararen kaya tana ta kuka, ga wani mai tumbi da gashin baki, mai yawan murmushi, yana rarrashin kowa.

Muna minti na arba'in Yaya ya ce, "Rufe, Auta. Na gama da fim ɗin nan."

"Saura awa biyu fa, Yaya."

"Uwar ce ta kashe shi. Mamaci ya faɗa da bakinsa. Me ya rage?"

"A dai kalli ƙarshen."

"Ke kallo kike yi, ni karatu nake. Ƙarshen fim na 'yan koyo ne. Gobe a gaban Manaja zan faɗi mai kisan tun kafin Sufeto ya gano, ki ga yadda za ta miƙo min aikin da hannu biyu."

Na ce Allah ya kai mu. Ni dai ba Indiyanci nake ji ba, kuma maganar ta yi kama da gaskiya. Mutum yana mutuwa ya ce Mama, ai ko ni haka zan ɗauka.

Asabar ta zo da rana mai zafin gaske. Tun daga allo matsala ta fara. Bangon ɗakin taron kore ne, majigin da aka aro kuwa sai da fari. Yaya ya ruga gida ya yaye zanin gadon Mama, fari ne dai, amma an watsa masa ƙananan jajayen furanni. Aka ɗaure shi da igiya. Aka kunna majigi, ba a ga komai ba saboda haske, sai ya sa aka toshe tagogi huɗun da barguna. Yanzu ana gani, amma ba a numfashi. Aka kunna fanka, zanin ya fara kaɗawa, fuskar kowa a fim tana tafiya tana dawowa. Ya ce a kashe fanka. Haka mutum sama da hamsin suka zauna cikin duhu da rana tsaka, kowa yana fifita da abin da ya samu.

Mama ta zo da sabon mayafi, ta zauna a layin gaba, bakinta har kunne, tana faɗa wa matan da ke bayanta cewa tun yana ƙarami yake da kai. Kawu ya zauna kusa da ita. Maƙwabcinmu mai walda, wanda bakinsa ya fi injinsa ƙara, ya kama kujerar tsakiya ya miƙe ƙafa. Manaja ta iso ƙarfe biyu daidai, da ɗan littafi a hannu, tare da wata ƙawarta ma'aikaciyar jinya da ta gabatar da sunan Sista. Yaya ya tarbe su da haɗa tafukan hannu a ƙirji, ya rusuna har makirfon ya bugi goshinsa, lasifika ta yi wata ƙara da ta sa wani jariri fashewa da kuka.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "yau za ki ga abin da ake kira sharhi."

Na danna. Ruwa ya sauka, wuta ta ɗauke, aka daɓa wuƙa, ɗakin ya yi tsit. Mutane sun fara shiga fim ɗin ke nan ya ce, "Auta, tsayar!"

Na tsayar.

"Ƙarfi na ɗaya: ruwan sama. Kun ga yadda aka jiƙa wurin nan? Wannan darakta ba ya rowar ruwa."

"Mun gani, a ci gaba," in ji mai walda.

Aka ci gaba. Sufeto ya fito daga mota, kyamara ta matso fuskarsa, furannin zanin Mama suka baje a kumatunsa.

"Acca, Sufeton nan ƙyanda yake yi ne?" in ji mai walda.

"Fasahar darakta ce. Alama ce ta jini."

"To karen ma jinin ne? Ga shi nan har a jikin kare."

Aka kwashe da dariya. Yaya ya sha kunu, ya ce wanda bai zo neman ilimi ba ƙofa a buɗe take. Ƙofar kuwa a rufe take, shi ya sa aka rufe saboda haske.

Fassarar tasa ma abin ji ce. Sufeto zai yi magana ta minti biyu, Yaya ya ce, "Ya ce ina kwana." Wani ya yi tari kawai, Yaya ya zuba masa jawabi mai tsawo a kan amana da cin amana. Na saci kallon Manaja, na ga tana rubutu. Na kalli Sista, na ga ta sa gefen mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka zafi ne ya dame ta.

Can wani siriri mai fushi ya shigo falon gidan da bindiga a kafaɗa. Ɗan mamacin ya miƙe ya ce masa, "Kaka."

"Wannan kakarsa ce," in ji Yaya.

"Da gashin baki?" in ji mai walda.

"Kakansa na ce. Ka wanke kunnenka."

"To ai mamacin ya fi shi furfura. Ya za a yi ɗa ya girmi ubansa?"

Yaya ya juyo gare ni. "Auta, tsayar! Madalla da wannan tambaya. Rauni na ɗaya ke nan: ba su iya zaɓen 'yan wasa ba. An ɗauko yaro an ce kaka ne. Ranki ya daɗe, a rubuta."

Manaja ta rubuta wani abu. Allah kaɗai ya san mene ne.

Tun farkon fim ake ta ambaton Nana. A je a gaya wa Nana, kada Nana ya ji, haka dai. Yaya ya yi wa samari albishir cewa ita ce jarumar, darakta ɓoye ta ya yi don ya ja rai, kuma wannan shi ne ƙarfi na biyu. "In Nana ta fito," ya ce, "duk wanda ke da aure ya sunkuyar da kai." Samarin baya suka gyara zama. Aka yi rabin awa ana jiran Nana cikin gumi. Sai ga yaron ya shiga wani ɗaki da gudu yana kiran "Nana! Nana!", ya zube a gaban wani tsoho tukuf a keken guragu, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, ya rungume ƙafafunsa.

Mai walda ya miƙe tsaye ya cire hula. "Ga Nana ta fito, jama'a! Masu aure a sunkuya!"

Ɗakin ya kece. Wata mata har da buga ƙafa. Yaya ya ɗaga murya a makirfo: "Tambayarsa yake yi ina Nana! Ku ba ku jin yaren, ku bar mai ji ya yi aikinsa!"

"To tsohon ya ce tana ina?"

"Ta yi tafiya."

"Yaushe za ta dawo?"

"Rauni na biyu ke nan. An yi mana alkawarin jaruma ba a cika ba."

"Ɗazu fa ka ce ƙarfi ne."

"Ɗazu ɗazu ne."

Ana tsakiyar bincike, gawa ko kwana uku ba ta yi ba, sai ga Sufeto a kan dutse cikin ƙanƙara da riga mai ruwan ɗorawa, yana rawa da wata 'yar jarida. Ko ni da ba masaniya ba na san nan fim ɗin ya saki hanya. Mutane suka fara tsaki. Yaya kuwa ya ce nan ne ƙololuwar hikima.

"Ba rawa ba ce, tambayoyi yake mata. Ya ce, ina kike ranar Talata da aka yi kisan? Ita kuma ta ce, ina gidan yayata."

"Shi ya sa ta canza kaya sau biyar?"

"Don ta rikita shi."

Bayan waƙa Sufeto ya doke ƙarti goma sha biyu shi kaɗai a wata kasuwar kifi, ya bi ta cikin gilashi, ya faɗo daga bene, tabarau ɗinsa ko karkacewa bai yi ba. Mai walda ya ce shi dai a nuna masa wanda ya yi waldar tabarau ɗin nan, yana so ya koma koyo. Yaya bai kula shi ba, domin lokacin da yake jira ya zo. Kyamara ta tsaya a kan fuskar matar mamacin, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Auta, tsayar!"

Ya tako har gaban zanin, hasken majigi a fuskarsa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, jama'a, saura minti hamsin fim ya ƙare. Sufeto bai san mai kisa ba. Ku ma ba ku sani ba. Ni na sani tun jiya, kuma wallahi ban kalli ƙarshen ba, ga Auta nan ku tambaye ta." Ya ɗaga yatsa sama, ya saki murya gaba ɗaya. "Mama ce ta kashe shi!"

Duk unguwa Mama suke ce wa mahaifiyarmu, har tsofaffi. Kawuna hamsin suka juya layin gaba a tare.

Mama ta dafe ƙirji. "Ni? Wa na kashe?"

"Ba ke ba, Mama, ta fim."

"To ka riƙa bambancewa, ɗan nan! A'uzubillahi."

Da ya tsaya a nan da da sauƙi. Ina! Dariyar da aka yi ta ƙara masa mai. Ya ce babban raunin fim ɗin shi ne Sufeto daƙiƙi ne, an faɗi amsa tun minti na goma shi yana ta bin masu gashin baki. Babban ƙarfinsa kuma shi ne ya tona asirin iyaye mata. "Ku lura da kyau," ya ce, "duk uwar da kuka ga ta fiye kuka da sanyin murya, tana sunkuyar da kai, tana cewa Allah ya yi maka albarka, to ku binciki ƙarƙashin filonta. Mu masana mun daɗe da sanin wannan."

Matan da ke bayan Mama suka hau salati. Mama ta ja sabon mayafinta ta rufe rabin fuska. Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar nan tun safe take yabonsa a gaban mutane. Na danna ci gaba ba tare da ya ce ba, don dai ya rufe baki.

Ba a jima ba yaron ya ɗauki waya ya buga, ya ce, "Mama?" Aka nuno mai ɗauka: mai tumbin nan ne mai murmushi.

"Acca, Mamar ta yi gashin baki ita ma?"

"Wayarta ya ɗauka. Rauni na huɗu, rashin tarbiyya. Ba a ɗaukar wayar mutane."

"Ina na uku?"

"Ka ƙirga da kanka."

Amma na lura muryarsa ta fara sanyi. Ya daina cewa in tsayar. Fim ɗin kuwa ya kama gudu, kiɗa yana ta hawa, har masu fifita suka manta da zafi. Sufeto ya tara kowa a falo. Ya taka a hankali ya nufi matar mamacin. Yaya ya ɗaga hannu yana cewa, "Ga shi nan, ga shi nan, ku buɗe ido!" Sufeto ya isa gabanta, ya rusuna mata da ladabi, ya sa aka fita da ita daga ɗakin. Sannan ya juya ya ɗaura wa mai tumbi ankwa.

Yaron ya yi kukan kura ya shaƙe wuyan rigar mai tumbi, yana jijjiga shi, yana ihu: "Mama! Mama!" Babu mace ko ɗaya a falon. Babu waya. Mai tumbi ya daina murmushi, ya kalli yaron da wasu idanu da suka sa tsigar jikina ta tashi.

Ba wanda ya ce in tsayar, amma na tsayar. Ƙarar majigi kaɗai ake ji.

"Acca," in ji mai walda a hankali, "ko ita ma ta yi tafiya ne?"

Sai Sista ta sauke mayafi daga bakinta. Idanunta sun yi ja saboda dariyar da ta yi awa biyu tana haɗiyewa.

"Malam, ka yi haƙuri, ban so in sa baki ba. A Indiya na yi karatun jinya, shekara huɗu. A yarensu Mama ba uwa ba ce. Ɗan'uwan uwa ne, wato kawu. Wannan mai tumbin yayan matar ne. Kaka kuma ƙanen uba ne, baffa. Nana shi ne kakan wajen uwa, wancan tsohon na kan keke."

"Tirƙashi!" in ji wani daga baya.

Manaja ta juya gare ta. "To ke ya kika ga fim ɗin?"

"Ni ba masaniya ba ce," in ji Sista. "Amma abin da ya burge ni shi ne kalmar nan. Uban ya ce Mama yana nufin ga wanda ya kashe ni, yaron ya ɗauka cewa ya yi jeka wajen kawunka ya riƙe ka. Shi ya sa bai gaya wa Sufeto ba, ya riƙa kwasar duk sirrin bincike yana kai wa mai kisan da ƙafarsa. Wannan dabara ce mai kyau, kuma mutumin ya iya wasa, murmushinsa kaɗai abin tsoro ne. Awar farko ba ta da kashin yarwa. Inda suka gaza, mai kallo yana gane mai laifin da wuri, sai su yi ta jan sa. A cire waƙar dutsen nan da dambe a kasuwar kifi, a rage minti arba'in, da fim ɗin ya fi haka. Sufeton kuma an mai da shi ƙarfe, ba ya jin ciwo, to don me zan ji tsoro a kansa?"

Ko minti biyu ba ta yi ba ta gama. Manaja ta rubuta shafi guda cur. Mai walda ya fara tafi, ɗakin ya ɗauka.

Na kalli Yaya. Ya yi wuƙi-wuƙi, rigarsa ta manne a baya. Wallahi tausayinsa ya kama ni. Na yi masa alama da ido ya ajiye makirfon ya zauna, aikin rediyo dai ya tafi, amma Litinin tana nan, kujerarsa tana nan. Ya kalle ni, ya kalli Manaja tana rufe littafi, sai na ga ya gyara tsayuwa. Na ce a raina, shi ke nan, mun shiga uku.

"Acca, acca," ya ce. "Na gode wa Sista. Dama gwada ku nake yi in ga ko akwai mai bibiya. Ai ni kawun nake nufi tun farko. Ranki ya daɗe, kada ki rufe littafin, yanzu sharhin zai fara. Babban darasin fim ɗin nan shi ne, kawu ba abin yarda ba ne! Ku dube shi da kyau: ga tumbi, ga murmushi. Uba ya mutu, ya zo ya rungumi maraya, ya ce zo in riƙe ka, zo in koya maka sana'a. Ƙarya ne! Bauta yake nema. Duk kawun da ka ga yana maka fara'a yana maka alheri, akwai wuƙa a aljihunsa. Mu da muka zauna da irinsu mun sani!"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ko mai walda sunkuyar da kai ya yi.

Manaja ta miƙe, ta sa littafi a jaka, ta ce wa Sista su je ta sauke ta, akwai maganar da take so su yi a mota. Ta wuce ta gaban Yaya ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam," ta fice.

Sai Kawu ya tashi. Ya ɗauki lokaci kafin ya miƙe, saboda jiki da kuma zafi. Ya tako gaban zanin, ya tura hannu a aljihun rigarsa, ya zazzage shi waje. Tsinken sakace ne da hankici. Ya zazzage ɗayan, babu komai.

"Ka gani, babu wuƙa," ya ce. "Reza ce kawai nake da ita, ita ma na koya maka. Ba sai Litinin ba. Kawo makullin."

"Kawu, ai na fim nake nufi."

"Na ji. Kawo."

Yaya ya ciro zoben makullansa. Makullin ya ƙi fita, ya sa farce, ya sa haƙori, ga makirfo a hammata yana kai wa kowa ƙarar ƙarafan. Da ƙyar ya fita. Kawu ya karɓa, ya ce wa Mama, "Yaya, sai na shigo," ya sa aka buɗe masa ƙofa ya fita. Haske ya shigo, fim ɗin ya ɓace daga kan zanin, mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya ba sallama.

Sista ta dawo ɗaukar laimarta da ta manta a ƙarƙashin kujera. Yaya ya matsa kusa da ita, ya rage murya, ya manta makirfon a kunne yake. Lasifika ta watsa wa duk wanda ya rage:

"Sista, don Allah, da Indiyanci ya ake cewa a yi haƙuri, na yi kuskure?"

Mama tana tsaye tana kwance igiyar zanin gadonta. Ba ta ko juyo ba.

"Bar wahalar da baiwar Allah," ta ce. "Da Hausar ma ban taɓa jin ka faɗa ba."